Fitilar neyon: yadda take aiki da irin wutar da take ci

A Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, idan mutum ya shiga shagon kayan wuta ya ce a ba shi neyon, doguwar farar fitila za a miƙo masa, mai metir 1,20 ko mai santimetir 60. Idan kuma mai butik ya je wurin masu yin allon talla ya ce yana son a rubuta sunan shagonsa da neyon, galibi wata igiyar roba mai lanƙwasuwa za a kawo masa. Babu ɗaya cikin biyun da ke amfani da iskar neyon wajen ba da haske. Neyon na asali abu ne na uku: siririn bututun gilashi da aka lanƙwasa da wuta, mai jan haske kamar garwashi, wanda yake buƙatar dubban volt kafin ya kama.

Kama da wane ba wane ba ce. Fitilun nan uku suna ɗaya ake kiran su da shi, amma kowace da irin wutar da take so, da kuɗin da take ci, da haɗarin da ke tare da ita. Mai shago da bai san bambancin ba yana iya sayen abin da gurup ɗinsa ba zai ɗauka ba, yaron mai gyaran wuta kuma yana iya kai hannu inda bai kamata ba.

Daga ina iskar ta fito?

Neyon iska ce da ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta cin wuta, ba ta kuma haɗuwa da wani sinadari. Tana cikin iskar da kowa yake shaƙa, sai dai ƴar kaɗan ce ƙwarai: kashi 18 cikin miliyan ɗaya. Ɗakin da ke da metir 4 tsawo, 4 faɗi, 3 tsayi, duk neyon ɗin da ke cikin iskarsa bai cika litir ɗaya ba.

Masana biyu ƴan Birtaniya, William Ramsay da Morris Travers, su suka gano ta a birnin Landan a shekarar 1898. Sun sanyaya iska har ta zama ruwa, suka riƙa ɗumama ta sannu a hankali suna ware abin da ke tashi daga cikinta ɗaya bayan ɗaya. Sunan ya fito daga kalmar Girkanci mai nufin sabo.

Wanda ya mai da ita sana'a shi ne injiniyan Faransa Georges Claude, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Air Liquide a 1902. Kamfanin iskar oksijin yake tacewa domin sayarwa, neyon kuwa saura ce da ke taruwa ba a san abin yi da ita ba. A watan Disamba na 1910, a wajen baje kolin motoci na birnin Paris, Claude ya kunna bututu biyu masu metir 12 kowane a ginin Grand Palais. A 1912 wani shagon aski na Paris ya kafa allon talla na neyon, daga nan abin ya bazu zuwa Amurka da sauran duniya, har birane irin su New York, Las Vegas da Hong Kong suka yi suna da shi. Saboda yadda sunan ya shahara a Faransa, da dogayen fararen fitilu suka shigo kasuwa daga baya, sai mutane suka laƙaba musu shi, aka kuma gaji wannan kira a ƙasashe masu amfani da Faransanci.

Abin da ke faruwa cikin bututun

Mai yin neyon yana ɗaukar bututun gilashi mai faɗin milimetir 8 zuwa 15, ya gasa shi a harshen wuta har ya yi laushi, ya lanƙwasa shi bisa zanen haruffa yana busa iska a ciki don kada ya lotse. Sai ya manna ɗan kofin ƙarfe a kowane baki. Daga nan a zuƙe iskar da ke ciki da injin zuƙa, a zafafa bututun da wuta mai ƙarfi domin danshi da datti su fita, sannan a zuba neyon ƴar kaɗan, kimanin kashi 1 cikin 100 na matsin iskar waje, a toshe.

Ba a sa wata waya da za ta yi zafi ta haska, kamar yadda yake a tsohon ampul. Iskar ce da kanta take haske. Idan aka ba ƙarafan bakin bututun wuta mai ƙarfi, ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira elektiron suna fita a guje daga wannan baki zuwa wancan. A hanya suna karo da ƙwayoyin zarra na neyon. Wani karon yana ɓalle wani elektiron, shi ma ya shiga tseren ya ɓalle wasu, har hanya ta buɗe daga baki zuwa baki. Wani karon kuma ba ya ɓalle komai, sai dai ya bar wa ƙwayar zarrar rarar ƙarfi, ita kuma nan take ta sauke shi a matsayin haske. Irin wannan ne ke faruwa a sararin sama lokacin walƙiya, sai dai a bututu an tsare abin an daidaita shi.

Dalilin rage iskar kuwa, elektiron yana buƙatar fili kafin ya yi gudun da zai isa. Wanda ya shiga kasuwa ranar cinta ba ya iya gudu, taku biyu zai yi ya bangaji mutum. A cikakkiyar iska haka elektiron yake, a bututun da aka zuƙe kuwa yana samun sarari.

Kowace iska da launinta. Neyon ja ne mai sirkin ruwan lemu, kuma ba ya ba da wani launi sai shi. Shuɗin da ake gani a allunan gilashi iskar argon ce da ɗigon sinadarin makuri. Kore, fari, rawaya da sauransu ana samun su ne ta hanyar shafa wani gari mai haske a cikin bututun, ko amfani da gilashi mai launi. Ke nan ko a allunan asali, jan ne kawai neyon tsantsa.

Me ya sa sai da dubban volt?

Kafin a fahimci lissafin, sai an raba kalmomi uku da ake yawan cakuɗawa. A kwatanta wuta da ruwan famfo. Volt shi ne ƙarfin da ke tura ruwan. Amper shi ne yawan ruwan da ke bi ta tiyo. Watt kuma shi ne aikin da su biyun suka yi tare, ana samun sa idan aka ninka volt da amper. Kontar da ke jikin bango watt take ƙirgawa tare da awoyi, ba volt ba.

Wutar da NIGELEC take kai wa gidaje volt 220 ce. Wannan ba ta isa ta tsallaka metir ɗaya na iskar neyon ba. A ƙiyasin masu sana'ar, kowane metir na jan bututu yana son kimanin volt 1000 daga taransifo, ya danganta da faɗinsa: siriri ya fi haske, ya kuma fi son volt. Shi ya sa kowane allon neyon yake tafe da taransifonsa mai ɗaga wuta zuwa volt dubu 2 har dubu 15. A Turai ƙa'ida ta tsayar da iyaka a volt dubu 10, a Amurka ana kaiwa dubu 15.

Amma yawan wutar da ke bi ta bututun ƙanƙane ne. Tsakanin miliamper 20 zuwa 60 ne, miliamper kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na amper. Mafi yawan alluna a wajen miliamper 30 suke aiki.

Akwai wani hali na iskar da ya sa ba kowane taransifo ne ya dace ba. Kafin ta kama, tana tare wuta gaba ɗaya. Da zarar ta kama, sai ta sakar mata hanya, kuma iya yawan wutar da ta bi, iya yadda hanyar ke ƙara buɗewa, kamar ruwan da ya fasa bakin tabki yana ƙara cin ƙasa. In ba a tare ba, cikin ƙiftawar ido bututun zai lalace. Saboda haka ake ƙera taransifon neyon da dabarar riƙe wuta: yana ba da cikakken volt a lokacin tayarwa, da fitila ta kama sai volt ɗin ya sauko zuwa kusan rabi, amper kuma ba ya wuce abin da aka rubuta a jikinsa ko da wayoyinsa biyu sun haɗu. Duk wanda ya ɗauko wani taransifo mai ɗaga wuta da ba a yi shi don neyon ba, ya cire wannan birki ke nan.

Taransifon iri biyu ne. Tsohon yayi ƙarfe ne da naɗin waya, yana da nauyi, yana ƙugi, amma yana jure wahala. Na zamani ƙaramin akwati ne marar nauyi, yana juya wuta fiye da sau dubu 20 a daƙiƙa, ya fi tsimin wuta, sai dai ba ya son zafi da yawan hawa da saukar wuta.

Nawa take ci a wata?

Mutane da yawa idan suka ji volt dubu 10 sai su ɗauka fakitir za ta yi tashin gwauron zabi. Ba haka ba ne. Metir ɗaya na bututun neyon yana cin watt 10 zuwa 20. A ɗauki allon da aka rubuta da bututu metir 5, a ce kowane metir watt 15: jimla watt 75. Idan yana kunne awa 6 kowane dare, ya ci watt-awa 450, abin da dutsen guga mai watt 1000 yake ci cikin ƙasa da rabin awa. A kwana 30 ya kama kilowatt-awa 13,5. Domin sauƙin lissafi, in aka ƙaddara kilowatt-awa ɗaya a dala 20, kuɗin wata ya zama sefa 1350, wato jika ɗaya da dala 70. Mai son sanin nasa sai ya duba farashin da ke kan takardar kuɗin wutarsa ya ninka.

Inda ake samun kuskure shi ne wurin haɗa allon da gurup ko batir. A jikin taransifon ƙarfe za a ga an rubuta, misali, 10 000 V da 30 mA. In aka ninka, ya ba da 300, amma wannan adadi VA ne, ba watt ba. Watt ɗin da kontar take ƙirgawa kusan rabin haka ne. Wayoyi da gurup kuwa cikakken nauyin suke ɗauka: kimanin amper 1,4 a volt 220. Saboda haka mai ƙaramin gurup da VA zai yi lissafi, ya kuma bar rara, musamman in akwai firiji ko injin ɗinki a kan layin.

Mai amfani da farantin hasken rana shi ma yana da nasa lissafin. Watt-awa 450 daga batir mai volt 12 ya kama amper-awa 37,5, ban da abin da ke salwanta a na'urar da ke juya wutar batir zuwa 220. Tunda batirin darma ba a son a sha fiye da rabinsa, allon nan kaɗai yana son batir mai kusan amper-awa 100. Kuma na'urar juyin mai araha, wadda wutarta ba ta fita sumul, tana sa taransifo ƙugi da zafi.

Haɗarin da ke bayan allon

Ƙarancin watt ba ya nufin ƙarancin haɗari. Wuta mai miliamper 10 zuwa 15 tana iya ƙame hannun mutum ya kasa saki. Miliamper 30 shi ne adadin da ake saita na'urar kariya ta gidaje ta yanke wuta a kansa, domin daga nan numfashi da bugun zuciya suna cikin haɗari. Wato abin da taransifon neyon yake fitarwa yana daidai bakin wannan iyaka, ga kuma dubban volt da ke huda busasshiyar fata. Tunda alluna a sama ake kafa su, girgizar kaɗai ta isa ta jefo mutum daga tsani. Na'urar kariyar da ke wajen kontar kuma ba ta ganin abin da ke faruwa a ɓangaren fitar taransifo, don haka ba a dogara da ita. Ba a taɓa allo sai an cire shi daga wuta gaba ɗaya.

Haɗari na biyu gobara ce. Busasshiyar iska tana karyewa a kimanin volt 3000 kowane milimetir, ke nan volt dubu 10 yana tsallake tazarar milimetir 3, ya fi haka a kan tsinin ƙarfe. Ƙurar hunturu da ta kwanta a kan wayoyi, idan danshin damina ya same ta, tana zama hanyar da wuta ke bi tana tartsatsi har ta ƙona katako ko roba. Shi ya sa ake amfani da waya ta musamman mai kaurin rufi, ake ɗora bututun a kan ƴan ƙafafun gilashi ko roba nesa da bango, ake haɗa jikin taransifo da ƙarfen allon da wayar ƙasa. Wayar gida da aka naɗe da salatif ba ta riƙe irin wannan wuta. Allon da ke cizar-cizar, ko yake warin ƙuna, ko wani harafi nasa yake kyaftawa, kashe shi ake yi a kira wanda ya san aikin.

Idan an kafa shi daidai, bututun neyon yana iya shekara 10 ko fiye. Idan ya fashe kuwa ba a like shi, sai an koma wurin mai injin zuƙa da iskar cikawa.

Farar fitilar da ake kira neyon

Ita wannan ta fara shiga kasuwa ne a Amurka a 1938. A cikinta akwai argon da tururin makuri. Hasken da makuri yake fitarwa ido ba ya ganin mafi yawansa, farin garin da aka shafa a jikin gilashin ne yake karɓar sa ya mai da shi farin haske. Ba ta buƙatar dubban volt domin a kowane baki tana da ƴar waya da ke yin zafi tana sakin elektiron. Ɗan gwangwanin sitata yana ɗumama wayoyin, sannan ya yanke, balas kuma ya ba da bugun da zai tayar da fitilar, ya ci gaba da riƙe wutar kamar yadda taransifon neyon yake yi. Wannan ne dalilin da ya sa idan wuta ta yi rauni da maraice, lokacin da kowa ya kunna fanka, fitilar take ta kyaftawa ta kasa kamawa.

Mai metir 1,20 tana cin watt 36 ko 40, balas na ƙarfe kuma yana ƙara kimanin watt 9 da ke tafiya a zafi. Shagon da ke da guda 10 yana jan wajen watt 450. In aka sauya su da dogayen fitilun LED masu watt 18, ya koma 180. A awa 6 kowane dare, bambancin ya kai kilowatt-awa 48,6 a wata, kusan jika 5 a farashin da aka ƙaddara a sama. Ke nan a shaguna da dama, fararen fitilun ciki sun fi allon ƙofa cin kuɗi nesa ba kusa ba.

Makurin da ke ciki guba ne. Idan fitilar ta fashe, a buɗe taga a fita na ɗan lokaci, a kwashe gilashin da kwali ba da hannu ba, kada a bar yara su yi wasa da shi ko da farin garin. Yarjejeniyar Minamata, wadda aka sa wa sunan garin Japan da gubar makuri ta yi wa ɓarna, an ƙulla ta a 2013, ta fara aiki a 2017. A taron Geneva na 2023, bisa shawarar da ƙasashen Afirka suka gabatar, an tsayar da 2027 a matsayin shekarar ƙarshe ta ƙera waɗannan dogayen fitilu da fataucinsu tsakanin ƙasashe. Mai gina sabon shago yau ya kamata ya sa wannan a lissafi.

Igiyar roba mai kama da neyon

Yawancin allunan da ake kafawa yanzu a ƙofar farmasi, gidan abinci da shagon salula, jerin ƙananan fitilun LED ne cikin roba mai laushi. Ba iska a ciki, ba gilashi. Galibi da volt 12 ko 24 suke aiki, suna cin kimanin watt 10 kowane metir. Tsimin da suke yi kan neyon na gilashi bai kai yadda ake zuzutawa ba, amfaninsu na gaske shi ne ba sa fashewa, ba sa son taransifo mai dubban volt, kuma mai volt 12 tana iya shan wuta daga batir kai tsaye.

Nan lissafin ya juya: volt kaɗan, amper da yawa. Igiya mai metir 5 da ke cin watt 50 tana jan fiye da amper 4 a volt 12. Akwatin da ke ba ta wuta sai ya kai amper 5 ko fiye, wayar kuma ta zama mai kauri, in ba haka ba ta yi zafi, ƙarshen rubutun ya dushe. Akwai kuma irin da ake soka wa a 220 kai tsaye. Wannan in rana ta cinye robarta ta tsage, haɗarinta ɗaya ne da na tsirarar wayar gida. Araha ba ta ado: zafin watan Afrilu da Mayu yana saurin kashe akwatin wuta marar inganci da aka kulle inda iska ba ta shiga.

Neyon na gaske a aljihun mai gyaran wuta

Duk da haka, iskar neyon ba baƙuwa ba ce a gidaje. Ɗan jan hasken da ke kamawa cikin testa idan aka taɓa waya mai wuta, ƙaramar fitilar neyon ce. Haka ma hasken ruwan lemu da ke cikin makunnin ralonji da dama. Tana kamawa da ƙasa da volt 100 saboda ƙarafanta biyu suna dab da juna, kuma abin da take ja bai kai miliamper ɗaya ba. A cikin testa, wutar ta jikin mai riƙe da ita take bi zuwa ƙasa, wani ɗan abu mai tare wuta da ke cikin marikin ne yake rage ta yadda ba za a ji ba. Saboda haka testar da ta tsage ko ruwa ya shige ta, jefar da ita ake yi. Kuma don wutar gida aka yi ta: ba a kai ta kusa da wayoyin taransifon neyon.

Mai shirin kafa allo yana da tambayoyi huɗu da zai yi wa mai aikin kafin ya biya: gilashi ne ko LED, volt nawa ne ke bi ta cikinsa, watt da VA nawa aka rubuta a jikin akwatin wutarsa, kuma ina makunnin da ke yanke shi gaba ɗaya. In na gilashi ne, a ƙara da ta biyar: wa zai gyara shi idan ya fashe, kuma a wane gari yake.